Sallamar Malam Alkasim Zuwa Zazzau

Duk Tudun Wada, ka tambayi kowa 'ya'yan Malam Alkasim nawa ne, zai ce maka biyu: Inuwa ɗan shekara huɗu, da jaririn da aka haifa a daminar 1955. Har hedimastan elemantaren da yake koyar da 'yan aji biyu haka ya sani. To ba biyu ba ne, uku ne. Akwai ta fari, Safara'u, 'yar shekara tara, wadda ba a taɓa jin sunanta a bakin ubanta ba, balle a bakin uwarta Halima.

Ba ƙi ba ne, Allah shi ne shaida. Kunyar ɗan fari ce, kuma gidan su Alkasim a Bebeji ba a wasa da ita. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a buɗe baki a ce "nawa ne." Ana yaye Safara'u, kakarta ta wajen uwa, Adda, ta zo ta goya ta, ta tafi da ita garinsu Kwarin Kuka, can bayan duwatsun Doguwa, cikin lardin Zazzau. Sai bayan nan aka kawo Alkasim Tudun Wada, shi ya sa garin bai san da ita ba. A cikin gida in za a yi zancenta sai a ce "ta Adda." An aika wa ta Adda zane. An ce ta Adda ta yi tsawo. Iyakar maganar ke nan.

A hutun bazara Alkasim ya hau kekensa, yini biyu yana fama da hawa da gangara, ya je gaida surukarsa. Tun daga zaure ya jiyo tarin Safara'u. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin Adda, ya zauna ya bai wa ƙofar baya. Ya tambayi lafiyar awaki, ya tambayi rumbu, ya tambayi ciwon ƙafar Adda, amma wadda ta sa shi taka keken yini biyu bai tambaye ta ba. Ita kuwa tana kwance a ciki, taku uku tsakaninsu, duk tarin da ta yi sai ya ji kamar daga ƙirjinsa ake ciro shi.

Adda ce ta gaji da kewaye-kewayen. Ta ce, "Malam, tarin nan ba na sanyi ba ne. Da jini yake zuwa."

Ya ce, kansa a ƙasa, "Ko a kawo ta Tudun Wada, Adda? Akwai malamin asibiti."

"A kan me? Ko a jaki aka ɗora ta ba ta kai Doguwa. Ka leƙa ka gani mana."

Ya leƙa, sau ɗaya, da gefen ido. Yarinya ta zama ƙashi da fata, sai manyan idanu irin na Halima. Da zai tafi ya jiyo 'yar muryarta daga ciki tana cewa, "Malam, a sauka lafiya." Ya ce Allah ya sa, bai waiwaya ba. Sai da ya bar gari ya jingina keken a gindin wata ɗorawa, ya zauna ya yi kuka ya ƙoshi, inda babu mai ganinsa sai shanun Fulani.

Amma ya taho da wata dabara. Hukumar En'e ta Zazzau ta gina aji biyu a Kwarin Kuka, ga bencina ga allo, babu malami. Dagacin garin da bakinsa ya ce masa, "Da kai za a ba mu, Malam, ai da mun huta." Alkasim ya gaya wa Adda zai nema, ya dawo ya gaya wa Halima, wadda a lokacin cikinta ya tsufa. Ran nan sai da ta ƙara masa miya sau biyu.

Sai dai fa abin ba a baki yake ba. Satifiket ɗinsa na malanta yana nan fes a ƙasan akwati, amma En'e ta Kano ce ta tura shi horo, don haka nata ne. Takardar ba ta aiki a ƙasar Zazzau sai Kano ta sallame shi Zazzau ta karɓa. Zazzau kam hannu bibbiyu take jira. Kano kuwa malamai sun yi mata kaɗan, in ta kama ɗaya ba ta saki da sauƙi. Wanda zai yi masa hanya mutum ɗaya ne, Malam Sunusi mai duba makarantun kudancin Kano, dattijon da ya koyar da shi a makarantar horon malamai, wanda Alkasim ke ganinsa kamar uba.

Malam Sunusi ya iso tsakiyar damina. Mota ta sauke shi a Kwanar Dangora, ya ƙarasa a keke, taɓo har gwiwa, ga shi washegari ana jiransa a Kiru. Ya zauna a ofishin hedimasta Malam Labaran yana goge tabarau. Alkasim ya cire takalmi ya durƙusa, aka gaisa, ya faɗi buƙatarsa.

Malam Sunusi ya ce, "Zazzau? Haba Alkasim, mu wanke ka mu goge ka, sannan Zagezagi su mora? Me muka yi maka?"

Malam Labaran ya yi dariya. Alkasim ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Akwai wata yarinya ce a gidan surukata, ba ta jin daɗi ƙwarai."

"Allah ya ba ta lafiya. To bari in gaya maka yadda abin yake, don kada ka ce na ƙi ka. En'e ba ta sakin malami ana tsakiyar shekara sai a kan uwa, ko uba, ko ɗan cikinsa. In ɗayan ukun nan ne, yau zan sa hannu, kafin wata ya mutu kana can. In ba haka ba sai ƙarshen shekara. Yarinyar taka ce?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Kalma biyu ce kawai. Wallahi ya buɗe baki zai faɗa, maganar ta zo har maƙogwaro. Sai ya ɗaga kai ya ga furfurar malaminsa, ya ga hedimasta yana kallonsa, ya ji kamar an ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa cewa ɗansa na fari, yayan Alkasim, nasa ne ba. Shi wane ne?

Ya ce, "Ta Adda ce, ranka ya daɗe. Ita ta raine ta."

"To ka gani. Ka yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara, zan yi maka ƙoƙari." Malam Sunusi ya mayar da tabarau, ya ce a kawo masa 'yan aji uku ya ji karatunsu.

Kai, Alkasim! Mutumin da ke tsayawa gaban yara arba'in yana ce musu su buɗe baki su yi magana a ji, shi ne ya fito daga ofishin nan yana neman takalminsa ya rasa ta inda zai sa ƙafa.

A gida ya tarar da Halima ta fito daga wankan jego, jikinta na tururi, jariri a cinya. Ta ce, "Yaya kuka yi?"

"Ya ce sai ƙarshen shekara."

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa ta Adda ba ta da lafiya."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta gane sarai abin da ya faɗa da abin da bai faɗa ba, kuma ba ta da bakin zarginsa, don ta san da ita aka tsayar gaban dattijo, ko hakan ba za ta iya furtawa ba. Ta juya fuskarta bango ta ci gaba da ba da nono, hawaye na ɗiga a kan jaririn.

Tana yin arba'in ta ɗaure kaya, ta bi wasu fatake masu jakuna, ita da Inuwa da na goye, ko da yake rafuka ba su gama janyewa ba. Alkasim ya rage shi kaɗai a gida. Kullum in ya fito makaranta sai ya dubi hanyar Kwanar Dangora ko zai hango keken Malam Sunusi, yana rantse wa kansa cewa wannan karon zai faɗa ko ƙasa za ta tsage. Gero ya nuna, aka yanke. Dawa ta fid da kai. Malam Sunusi bai zo ba.

Wanda ya zo wani Bafulatani ne maƙwabcin Adda, da sandarsa a kafaɗa. Ya yi sallama a bakin aji, Alkasim na tsaka da rubuta lissafi a allo. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Ta Adda ta cika shekaranjiya da hantsi. An kai ta."

Alkasim ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta," kamar yadda ake faɗa in an ce ɗan maƙwabci ya rasu. Ya koma ya ɗauki alli. Allin ya karye, ya ɗauki guntun ya ƙarasa lissafin, yara suka kwafa. Sannan ya je ya roƙi hedimasta 'yan kwanaki, ya ce rasuwa aka yi a gidan surukai. A Kwarin Kuka masu gaisuwa suka yi ta wucewa ta gabansa suna shiga wurin Adda, don ita aka yi wa mutuwa.

Bai fi mako da dawowa ba sai ga Malam Sunusi, yana murmushi tun daga nesa. Ya same shi shi kaɗai a aji bayan an tashi yara. Ya ce, "Albishirinka! Na matsa musu sai da suka gaji da ni. Kano ta sallame ka, Zazzau ta karɓa, har an sa wanda zai maye gurbinka. Yaya jikin yarinyar nan ta surukarka?"

"Ta riga mu gidan gaskiya, ranka ya daɗe."

"Ashsha! Allah ya jiƙanta. Iyayenta a can garin suke?"

Alkasim ya so ya riƙe fuskarsa, fuska ta ƙi riƙuwa. Malam Sunusi ya tsaya yana dubansa, murmushin na gushewa a hankali, har ya nemi bencin yara ya zauna.

"Alkasim. Ta fari ce?"

Ya gyaɗa kai.

Dattijon ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Wayyo ni Sunusi. Ni ma fa nawa na farin, yau shekararsa talatin, ban taɓa kiran sunansa ba. Ka ce min 'ta Adda ce', kanka a ƙasa, in kasa ganewa? Hankalina na kan hanyar Kiru." Can ya ce, "In kana so in mayar musu da sallamar, zan mayar. Ka zauna a nan."

Alkasim ya girgiza kai. Halima ta riga ta ce ba za ta bar Adda ita kaɗai a ɗakin nan ba. Ya sa hannu biyu ya karɓi abin da ya yi wata da watanni yana nema, ya yi godiya kamar yadda ya kamata.

Farkon shekara aka buɗe makarantar Kwarin Kuka. Yara ashirin da wani abu, mata uku kacal, dagaci da kansa ya kawo su ya zaunar ya tafi. Alkasim ya tsaya a gaban sabon allo ya yi musu sallama. Kafin ya faɗi sunansa, wata 'yar baƙa mai kitso biyu a bencin gaba ta miƙe, ba tsoro ba kunya.

Ta ce, "Malam, kai ne baban Safara'u?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Ita ta gaya mana. Ta ce malamin da za a kawo babanta ne, kuma a gaba za ta zauna, ni ina kusa da ita. Kullum da yamma sai an fito da ita zaure ta ga ko ka taho. Ka daɗe, Malam."

Alkasim ya dafa tebur. Ya dubi yarinyar, ya dubi sauran, duk sun zuba masa ido suna jiran amsa.

Ya ce, "Ni ne. Na daɗe."

Ya juya ga allo don kada su ga fuskarsa, ya ɗaga alli, ya tsaya a haka bai rubuta komai ba, yara na jira.