Jan Zanen Gadon Mama

Aikina zagayawa da baƙi ne a Lisbon, a ƙafa, ina ɗage da laima ruwan ɗorawa don kada su ɓace mini cikin cunkoso. In hau da su tsohuwar ganuwa su hango kogi, in sauko da su babban coci, in cusa su cikin taragon lantarki su yi ta lilo, in kai su inda za su ci kek ɗin ƙwai da zafinsa. Su yi ta cewa gari ya yi kyau, ni kuma in yi ta murmushi har haƙorana su bushe. Ban raina aikin ba, shi ke ciyar da ni da mahaifiyata. Amma akwai lungu ɗaya a unguwar Alfama da ban taɓa shiga da baƙo ba, lungun da aka haife ni, kuma kaf abokan aikina sun san da haka.

A lungun nan mahaifiyata, Dona Ermelinda, ta yi zaman aurenta a hawa na biyu, har ranar da magadan mai gidan suka sayar da shi. Sababbin masu gida suka fatattaki kowa, suka shafa fenti, suka mayar da ɗakunan masaukin 'yan yawon buɗe ido. Na kwashe Mama da 'yan komatsanta na dawo da ita wurina a tsallaken kogi. Wanda kuma aka damƙa wa makullan gidan, yana karɓar baƙi yana sallamarsu, ba kowa ba ne illa Telmo, ɗan maƙwabciyarmu marigayiya Cidália. Mama ce ta riƙe shi a coci ranar baftismarsa, shi ya sa yake ce mata Madrinha, wato uwar baftisma. Miyar gidanmu ce ta yi masa wannan ƙaton wuyan da yake taƙama da shi yau.

Duk watan Yuni cocin unguwarmu kan fito da waliyyinta, ɗan sassaƙen katako da tsufa ya baƙanta masa fuska. Maza su saɓa shi a kafaɗa, 'yan badujala a baya, a ratsa lunguna da shi. Kowace mace ta buɗe akwati ta ciro zanen gadonta mafi daraja, wanda ba a kwana a kai, ta zuro shi ta taga don girmamawa. In ya iso maza su tuɓe hula, kowa ya fuskance shi har ya wuce. Na Mama ja ne, na alharini mai nauyi, da shi aka kawo ta gidan miji. Kuma nata ba ado ba ne kawai. Shekarar da jirgin kamun kifin su Baba ya ɓace a teku, ta yi wa waliyyi alkawari cewa in mijinta ya dawo, muddin tana numfashi zanen nan zai sauko ta tagar nan duk shekara. Baba ya dawo, ya rayu har ya tsufa ya mutu a kan gadonsa. Mama ba ta taɓa fashi ba sai da aka kore ta daga gidan.

Tun daga lokacin, Yuni na kamawa sai ta daina cin abincin kirki, ta riƙa zama shiru tana kallon kogi. Bana likita ya ce zuciyarta ta gaji, ta yi hankali da matakala. Muna fitowa daga asibitin ta riƙe mini hannu.

"Filomena, bana zan rataya zanena. Ba zan bar duniya da alkawari a wuyana ba."

Na sami Telmo a ƙofar gidan yana latsa lambobin ɗan akwatin ƙarfen da suke ajiye wa baƙi makulli a ciki.

"Telmo, aron taga na zo. Ranar jerin gwano Mama ta hau ta rataya zanenta, waliyyi na wucewa mu sauka."

Ya shafa ƙeya. "Ai Filomena, da gidana ne da ba sai kin tambaya ba. Akwai baƙi a ciki ranar. Kuma ƙa'idar kamfani ce, ba a shigar da wanda bai kama ɗaki ba."

"Wanda bai kama ɗaki ba? A ɗakin nan ta wanke maka kashi, ɗan banza!"

"Ki rage murya mana, baƙi na barci."

"Da rana tsaka? Su tashi su ji tarihin gari a kyauta!"

Na zage shi tas na yi tafiyata. Washegari sai ga kiransa, murya ta yi laushi. Wai ya gyara komai, ya mayar da baƙin hawa na uku, in gaya wa Madrinha ɗakinta na jiranta. Na yi zargin wani abu, don na san Telmo, ko gaisuwa ba ya bayarwa a banza. Amma da na ga yadda fuskar Mama ta washe, sai na haɗiye zargina, har na ɗan ji kunyar zagin da na yi masa.

Ranar na ajiye laimata a gida. Mama ta goge zanen da kanta, ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa coci. A cikin jirgin ruwa na ce ta ba ni in riƙe mata, ta ƙi. Matakalar gidan kuwa sai da muka huta a kowace kwana, tana haki, leɓenta ya yi fari. Da muka buɗe ƙofa na tsaya sororo. Sun rushe bangon tsakiya, gado yana inda murhunmu yake a da, ga wani ƙaton hoton kifin sardin a inda hoton Baba ya shekara a rataye. Mama ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta miƙe zuwa taga, ta warware zanen, ta zura shi waje a hankali, ta shafe shi da tafin hannu har ya kwanta lub a jikin bango.

Na leƙa hagu da dama. Lungun da a da ja da kore da ruwan hoda ke sauka ta kowace taga, yau zanen Mama kaɗai ne. Sauran tagogin a rufe suke, sai wani tawul ɗin wanka da wani ya shanya a baranda. Duk da haka Mama murmushi take yi, kuma rabona da ganin haƙoranta tun kafin a tashe ta daga gidan.

Can sai na fara jin hayaniya. Na duba ƙasa, na ga jar laima ta shigo lungu, baƙi na biye da ita ɗuu. Bayanta koriya, bayanta wata mai ratsi. Na san kowace laima da mai ita. Jar ta Anabela ce, abokiyar aikina, wadda muke shan shayi tare kusan kullum. Lungun namu kuwa ko mata biyu masu kwando ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe, amma kafin in ankara ya cika maƙil, kowa ya ɗaga waya sama yana auna tagarmu.

"Anabela!" na ƙwala mata kira. "Me ya kawo ku nan? Ɓata kuka yi?"

Ta ɗago, ta gan ni, ta sha jinin jikinta. "Ke ce a nan? Ai Telmo ne ya bi masu kai baƙi ɗaya bayan ɗaya, wai yau za a ga tsohuwa ta ƙarshe a Alfama mai rataya zanen gado. Har tikiti ya yanka. Wallahi ban san Dona Ermelinda ce ba, na ɗauka wata ya ɗauko haya!"

Ban gama jin wannan ba ƙofa ta buɗe. Telmo ne, baki har kunne, da wani baƙin mayafi a hannu irin na zawarawan ƙauye.

"Madrinha, sannu da zuwa! Ɗan yafa wannan, ya fi fitowa a hoto. In kuma za ki ɗan ɗaga musu hannu..."

Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. "Kai, uwarka ce ta kwanta dama, kunya ma ta bi ta? Matar da ta goya ka za ka kafa wa mutane kamar biri a gidan zu? Likita ya ce matakala na iya kashe ta, ta hau saboda alkawari, kai kuma ka yanka tikiti!"

"To wa ya yi asara? Ita ta sami taga, su sun sami abin kallo. Ke ba da baƙin nan kike ci ba? Yau ne suka zama abin ƙyama?"

Maganar ta soke ni, kuma sukar ce ta ƙara tunzura ni. Na ɗaga hannu zan wanka masa mari, Mama ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Sake shi, Filomena. Yau ba ranar faɗa ba ce. Su kalla, idonsu ne. Ni ba wurinsu na zo ba."

Na sake shi ina huci. Daidai nan muka jiyo badujala daga ƙasan tudu. Mama ta gyara tsayuwa, ta dafa bakin taga da hannu biyu. Limamin coci ya fara shawo kwana, bayansa 'yan tsofaffin da suka rage a unguwa riƙe da kyandir, sai waliyyi a kan katakonsa cikin fararen furanni. A gaban masu ɗaukarsa akwai Senhor Aníbal, abokin Baba na teku, tsoho tukuf amma ya ƙi yarda a karɓe masa sandar da ake saɓa katakon da ita.

Suka iso bakin lungu suka tsaya cak. Babu hanya. Baƙin nan kaf sun ba su baya, fuskokinsu na sama wajen zanen Mama. Senhor Aníbal ya riƙa cewa, "A ba da hanya, bayin Allah, a ba da hanya!" amma wa zai ji yarensa? Anabela na ta jan mutanenta, suna fizgewa don kada wani ya ƙwace musu wurin tsayuwa. Na zura kaina waje na yi ihu da duk yaren da na iya.

"Ku juya! Abin da ake girmamawa yana bayanku! Ku juya, ku matsa!"

Suka yi dariya, suka ɗago mini hannu, wasu suka juyo da wayar kaina. Sun ɗauka ni ma cikin wasan nake. Wani dogo mai gajeren wando ya riƙa ja da baya don zanen ya shiga hotonsa duka, yana ja yana ja, har ya bangaji sandar da ke kafaɗar Senhor Aníbal. Waliyyi ya karkace, furanni suka zube ƙasa. Tsohon ya durƙushe a kan gwiwa ɗaya, ya tokare da wuyansa don kada katakon ya kife. Dogon nan ko waiwaye bai yi ba. Ya ɗan ɗaga hannu alamar a yi haƙuri, idonsa na kan waya.

Sai na ji motsi a gefena. Mama ce take janyo zanen ciki, hannu bayan hannu.

Na riƙe mata damtse. "Mama, me kike yi? Ga shi nan ya kusa isowa! Alkawarinki fa?"

"Sakar mini hannu."

"Saura kaɗan, Mama, ki bari ya wuce tukuna!"

"Ta ina zai wuce? Na zo in girmama shi, ga shi saboda ni an juya masa ƙeya, Aníbal na ƙasa. Sakar mini hannu na ce."

Na sake ta. Zanen ya yi mata nauyi, amma ba ta nemi in taya ta ba, ni ma hannuna ya ƙi zuwa. Da jan alharinin ya shige ciki, lungun ya ɗauki "ooo" na takaici, kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallon ƙwallo. Telmo ya rikice.

"Madrinha, don girman Allah, mutanen nan sun biya! Ki ɗan sake zuro shi, ko gefensa ne!"

Wannan karon Mama ba ta hana ni ba. Na tura shi waje da mayafinsa, na buga ƙofa, na murza makulli. Ya yi ta bugu yana kiran sunana, na yi banza da shi.

Na koma taga. Da abin kallo ya ƙare, baƙin suka fara waige-waige, sai a sannan suka ga limami da kyandir da tsoho a durƙushe. Suka raɓe jikin bango, hanya ta buɗe. Aka ɗaga Senhor Aníbal, ya gyara sandar a kafaɗarsa, badujala ta ci gaba. Da suka zo daidai gidanmu ya rage tafiya, ya ɗago kai yana neman jan zanen da ya hango daga nesa. Bai ga komai ba sai bango, da ni a tsaye ina hawayen baƙin ciki. Waliyyi ya wuce ƙarƙashin tagar da babu komai a jikinta.

Mama na zaune a bakin gadon baƙi, ta ba taga baya, zanen a tare a cinyarta. Numfashinta na fita da ƙyar.

"Ya wuce?"

"Ya wuce, Mama."

"Sun ba shi hanya?"

"Sun ba shi."

Ta gyaɗa kai. Na so in ce mata badi za mu sake gwadawa, amma ni da ita duk mun ji abin da likita ya ce.

"Zo ki kama mini mu ninke," ta ce.

Na kama gefe ɗaya, ta kama ɗaya. Daga ƙasa na jiyo wata baƙuwa, cikin fara'a, tana tambayar Anabela ƙarfe nawa za a sake yi.