Hular Goggo

Shekara ashirin ina ɗinka wa ɗana hular Sallah, bai taɓa sanin ni ke yi ba. Shi ne ɗan farina, a gidanmu kuwa mace ba ta wasa da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Ana yaye shi aka miƙa shi ga yayar ubansa, Goggo Hussaina, wadda gidanta ke tsallaken hanya da namu a nan Gubuchi. A can ya yi wayo. Ni Lantana da na sha naƙudarsa, ko Inna ba ya ce min. Yaya yake kirana, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Sunansa kuwa sai dai ku ji a bakin Goggo.

Tun yana shekara shida na fara. In azumi ya matso sai in ba Goggo wata siririyar igiyar rama, ta zagaya kansa da ita, ta danne wurin da farce ta kawo min, ni kuma in ƙulla. Duk shekarar da kan ya ƙaru sai ƙulli ya ƙaru. Sun kai sha ɗaya, na ƙarshe tun yana ɗan shekara ashirin. In na gama hular, jajibirin Sallah Goggo ta miƙa masa a matsayin aikin hannunta. Goggo Hussaina fa, Allah ya ja da ranta, ko maɓalli ba ta iya dasawa.

Ranar Sallah sai ya durƙusa gabanta a tsakar gidanmu yana zuba godiya, ita kuma tana wani lumshe ido tana cewa, "Ba komai Inuwa, ai aikina ne." Ni ina gindin murhu ina juya miya. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Amma haushi ne da nake iya haɗiyewa, don komai yawan godiyar da ta kwashe, hulata ce ke tafiya filin Idi a kansa.

Sai ga shekarar da sojoji suka canja kuɗi suka rufe iyaka. Sabulu ya zama abin nema. Madara da sukari sai an bi layi a Makarfi, soja na tsaye da bulala yana gyara sahu. Ba wanda ya yi maganar sabuwar riga. Wanda ya samu sabuwar hula ya ɗora a kan tsohuwar riga, to ya yi Sallah. Zaren hular ma ɓacewa ya yi. Laraba biyu ina aikawa kasuwa ana dawo min hannu rabbana. Ƙarshe sai na ɗauko huluna biyu na marigayi maigidana, na zauna da reza ina farke su, ina naɗe zaren a jikin kara.

A shekarar ce kuma ya yi aure. Yana koyarwa a firamare, ya je wani taro Ikara ya gano Rahmatu, aka kawo ta sashensa a cikin gidanmu. Yarinya ce mai ladabi, ban isa in ce ba haka ba. Ta yi makaranta, ta iya girki, ba ta wuce ni ba tare da ta rusuna ba. Na yi ta neman abin da zan kama a jikinta, ban samu ba, hakan ma ya ƙara min haushi.

Rana ta uku ga azumi, da hantsi, ta yi sallama a ƙofar ɗakina. Na tura ɗinkina ƙarƙashin tabarma kafin na amsa. Ta shigo ta durƙusa, muka gaisa, ta tambayi kwana da ƙishirwa, sannan ta kwance bakin zanenta. Ƙwallayen zare ne, kore da ruwan goro, suna sheƙi.

"Ina kika samu wannan a wannan marra?" na ce.

"Rigunan matashin da aka kawo ni da su na farke, Inna. Hula nake so in yi wa Malam ta Sallah. Ba na so ya sani."

Na ce, "To, Allah ya taimaka."

"Awon ne ya gagare ni. Ta kansa ta saki saboda wanki, har ninke ta yake yi a baya. Na je wajen Goggo, tunda ita ke yi masa, sai ta ce ke kike ajiye mata igiyar awon."

Goggo ke nan. Shekara ashirin tana cin godiya, rana ɗaya da aka yi mata tambayar sana'a ta turo min.

Na buɗe akwati na ɗauko igiyar. Rahmatu ta zuba mata ido, ta ce, "Ikon Allah, duk kansa ne wannan?" Na bi ƙullayen da yatsa ina saukowa, na takwas, na tara. A nan babban yatsana ya tsaya. Ƙulli biyu na lilo a ƙasansa, na dunƙule su a tafin hannuna. Awon kansa ke nan lokacin yana ɗan shekara sha biyar.

"Ga shi nan," na ce.

Ta ɗora zarenta a kan igiyar, ta yanke daidai yatsana, ta yi godiya har da sa min albarka. Da azumi a bakina na yi wannan, kuma na san abin da nake yi. Abin da na faɗa wa kaina shi ne, in hular ta ƙi shiga zai yi dariya ya ajiye ta, ya sa tawa, ba wanda ya mutu.

Haka muka ci watan, ɗaki biyu, allura biyu, kowa na ɓoyewa. Da ya tafi makaranta sai ta fito da nata ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ni ina daga ciki ina leƙe ta labule. Na so a ce ɗinkin makaranta ne, mai gaggawa, mai ramuka. Ina! Wata Malama Rosaline ce ta koya mata a Ikara, kuma ta koya mata da kyau. Idon ɗinkinta ƙanana ne, a jere, ba wanda ya fi wani. Wata rana ta shiga kicin ta bar shi a kan tabarma, na fito kamar zan ɗebi ruwa, na ɗauka na juya bayansa. Bayan ma tsaf yake kamar gaban. Na ajiye na koma ɗaki, na dubi nawa, zaren marigayi da ya sha rana ya koɗe. Ranar ko kunun buɗa baki bai yi min daɗi ba.

Jajibirin Sallah Goggo ta zo da la'asar, ta karɓi tawa a ƙunshe cikin tsumma ta kai masa kamar kullum. Rahmatu ta ba shi tata bayan an sha ruwa. Ina jin dariyarsa daga sashensu, irin dariyar da ban taɓa jin ya yi a gabana ba.

An yi ruwa da asuba, gari ya waye da sanyi, masara ta yi kore shar a bayan gida. Na fito tsakar gida da wuri na zauna ina tsince shinkafar da ba ta buƙatar tsinta. Sai ga shi ya fito cikin farar rigarsa ta bara. Hular Rahmatu ce a kansa.

Ba ta shiga ba. Shi ya shigar da ita. Ya ja ta da hannu biyu har ta kama goshinsa kamar murfin kwano, fatar wurin ta tattare, kunnuwansa suka fito. Rahmatu na bayansa tana cewa, "Malam, don Allah ka cire, ka sa ta Goggo." Ya ce, "Wata guda kina huda yatsunki, sannan in bar ta a ɗaki? Za ta saki a hanya." Ya rusuna daga nesa ya ce, "Yaya, mun tafi Idi." Na ce wa shinkafar, "A dawo lafiya."

Ban zaci haka ba. Na san awon kansa tun yana yaro, amma ban san zai iya ɗaukar ciwo don kada ran wata ya ɓaci ba. A ina zan sani? Ban taɓa zama da shi na rabin sa'a ba.

Rana ta take kafin su dawo, don liman ya ja huɗuba. Gida ya cika da mata, 'yan'uwa daga Makarfi da maƙwabta, Goggo na kan kujerarta a tsakiya. Ya shigo yana lumshe ido, jijiyar gefen kansa ta tashi. Ya durƙusa gaban Goggo, ya sa hannu biyu ya ɓamɓare hular. Shatinta ya zagaye goshinsa, ja wur, a gefen hagu har fata ta saluɓe.

"Innalillahi! Inuwa, wa ya ɗaure maka kai haka?" in ji Goggo.

Wata ta ce, "Amarya, hula kika yi ko takunkumi?" Aka kwashe da dariya. Rahmatu na tsaye da kwanon tuwo a hannu. Ta ce, "Ni na yi kuskuren awo," ta ajiye kwanon ta shige ɗaki.

Ya aika aka ɗauko masa ɗayar. Ya ɗora ta, ta zauna ɗas, ta rufe shatin. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Goggo, duk duniya ke kaɗai kika san kaina."

Goggo ta lumshe ido. "Ba komai Inuwa, ai aikina ne."

To, ga abin da na nema na samu. Hulata ce a kansa, a gaban kowa. Sai dai a ƙarƙashinta akwai ciwon da na ji masa da hannuna, kuma ko "sannu" ba ni da bakin ce masa. Na tashi na shiga kicin, na hura wutar da take ci da kanta.

Washegari da hantsi Rahmatu ta yi sallama. Idonta ya kumbura. Ta durƙusa, ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, barka da Sallah, ya gajiyar baƙi. Ta ajiye hular da reza a gabana, kanta a ƙasa.

"Zan farke ta, Inna, in sake wata kafin Babbar Sallah. Ina roƙon awo." Ta ƙara da cewa, "Na ƙullin ƙarshe."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce, "Me kike nufi?"

"Da na ga goshinsa jiya sai na tuna inda yatsanki ya tsaya. Ban faɗa masa ba." Ta ɗaga ido ta dubi bakin tabarmata, inda guntayen zaren marigayi suka leƙo. "Wancan ɗin ma, na mai ɗinka hular Goggo, ban faɗa ba. Amma in kin yarda, shi zan so in faɗa. Ya kamata ya sani."

"Kul!" na ce. "Kada in ji, kada in gani."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na buɗe akwati, na ɗauko igiyar, na miƙe ta har ƙarshe, na ɗora yatsana a kan na sha ɗaya. Ta auna ta yanke. Ta yi godiya, irin wadda ta yi ran farko, ba ragi.

Ni ma ban zauna ba. Na farke wata tsohuwar hular, na sake yin tawa, na ƙure basirata a kanta. Jajibirin Babbar Sallah na ba Goggo. Da safe ya fito da ta Rahmatu, kore da ruwan goro, ta zauna masa kamar da ita aka haife shi. Har a filin Idi, aka ce, mutane na tambayarsa inda ya saya. Na yi kishi, kishi mai ɗaci, kuma ni na ba da awon.

Da la'asar Goggo ta shigo ɗakina tana dogara sanda, ƙunshi biyu a hannunta. Ta ajiye na farko a cinyata. Hulata ce, ko lanƙwasa ta ba a yi ba.

"Inuwa ya ce in huta haka nan," ta ce. "Wai idona ya gaji, shekara ashirin ta isa, Rahmatu ta karɓe ni. Har da hawayensa, Lantana. Ya ce wannan in ba wani mabuƙaci."

Na ce, "To, sai ki huta."

Ta kwance ɗayan ƙunshin. Sabulun wanki ne sanda biyu. Wuni guda ya yi a layi a Makarfi kafin ya samo su, in ji ta, tukuicin wahalar da ta sha a kansa. Ta juya su, ta dube su, ta nemi aron wuƙata. Ta yanka min rabin ɗaya.