Layi Na Biyar

Saura mako uku a yaye 'yan ajin ƙarshe, malamin ajinsu ya shigo da wata dabara da ya gano a wata makaranta. Ya ce bana za a buga ɗan littafin bankwana: hoton kowa, sunansa, sannan a ƙasa layi ɗaya tak na abin da zai zama nan da shekara ashirin. Bai ma tsaya tambayar wa zai yi aikin ba, ya nuna yarinyar da ke kusa da taga.

'Yar Biro ake ce mata, don tun aji ɗaya ba a taɓa ganinta babu biro biyu soke a ɗankwalinta ba, shuɗi da ja. Rubutunta kamar na inji. Ta samo dogayen takardu biyu, ta jera sunaye talatin da biyu a ɗaya bisa tsarin zamansu a aji, ɗayar kuma ta ware ta don burin kowa, layi bayan layi. Daga nan ta shiga bi kujera-kujera.

Kafin a tashi hutun tara ta riga ta samu likitoci goma sha tara, har da wanda ya suma ranar da aka feɗe kwaɗo a ɗakin gwaje-gwaje. Da ta nuna wa malam, ya daɗe yana kallon takardar.

“Likita goma sha tara a aji ɗaya? To wa zai yi ciwon?” Ya miƙa mata. “Bar su. Rubuta abin da suka ce.”

Wanda ke binta a jerin zama shi ne Gyangyaɗi, yaron da ya iya barci a zaune da littafi buɗe, har yana juya shafi. Sai da ta buga tebur sau biyu ya ɗago.

“Me za ka zama?”

“Mai gwada katifa.”

“Don Allah ka yi maganar hankali, bugawa za a yi.”

“Ke, kina tsammanin kamfani zai fitar da katifa kasuwa ba wanda ya kwanta a kai? Dole akwai mai wannan aikin. Kuma ko wane ne, wata rana zai yi ritaya.”

Ta rubuta. Kafin ta sa aya ya koma bakin aikinsa.

Bayansa sai Dogo, wanda ya ce matuƙin jirgin sama. Ajinsu a bene yake, kuma shekara guda cur Dogo da hannu biyu yake riƙe ƙarfen matakala in zai sauka, yana salati a hankali.

“Kai da ko taga ba ka leƙawa?”

“A jirgi ai a zaune nake. Tsoron tsayi na wanda ke tsaye ne.”

Sai Lauya, ƙawarta, wadda ta taɓa yin gardama da malamin lissafi a kan rabin maki har aka buga ƙararrawar tashi.

“Alƙaliya. Ki rubuta da manyan baƙaƙe.”

“Za ki iya sauraron mutum biyu har su gama magana?”

“Wa ya ce sai sun gama?”

Haka ta bi su har kan na ƙarshe, wani yaro ɗan magini da ake kira Shiru, wanda ya rubuta mata “injiniya” a tafin hannunsa ya nuna mata, don kada ya ɓata baki.

Layi ɗaya ne kawai ya gagare ta, na biyar, wato nata. A gida Baba, wanda tela ne, ya ce ma'aikaciyar jinya, har ya fara tunanin irin farin yadin da zai ɗinka mata. Mama ta ce malamar makaranta, don ana tashi da wuri. Kakarta ta ce ita dai ko me za a zama, a tabbata akwai kujera mai juyawa. Ita kuwa 'Yar Biro, ran Litinin tana son aikin jarida, ran Laraba tana son zanen gidaje, ran Alhamis ba ta son komai sai a ƙyale ta. Duk wanda ta tambaya a aji ya amsa kamar an tambaye shi sunansa, ita kaɗai ce ke cizon biro. Sai ta bar layin fili, ta ce sai ta je shagon buga takardu ta cike.

Shagon ɗan tsukuku ne, yana warin tawada, takardu jibge har rufi, ga fanka marar murfi tana kaɗa katunan aure. Mai shagon dattijo ne da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ya karɓi hotuna da takardun biyu, ya ce in akwai wani bayani ta rubuta a ƙasa. Ta rubuta ƙarƙashin layin ƙarshe: A yi shi da bango mai kauri. Sannan ta ɗora biro a kan layi na biyar, ta tsaya.

“'Yata, akwai mutane a bayanki.”

“Baba, gobe zan dawo in cike wannan.”

“Allah ya kai mu.”

Gobe ta zo aka yi gwajin riguna. Jibi aka yi gwajin tafiya a jere. Gata ta bi ta ƙofar shagon, ta rage sauri, ta wuce. Ta ce a ranta, iyaka dai a ga wurin nata fili, ba wanda zai mutu.

Ranar bikin, littattafan ba su iso ba sai da iyaye suka fara shiga zauren taro. Aka kwance ɗaurin a bakin ƙofa ana miƙa wa duk wanda ya shigo. Ɗalibai kuwa suna can gaba a jere cikin manyan riguna masu zafi da huluna masu faɗi, ba wanda ya ga ko bangon littafin.

Alamar farko da 'Yar Biro ta gani ita ce mahaifiyar Gyangyaɗi, wata mace mai jiki da babbar jaka, ta miƙe tsaye a tsakiyar zaure da waya a kunne tana share hawaye.

“Yaya, kina ji na? Ashe yaron nan zurfin ciki gare shi! Duk barcin nan ashe tunani yake yi!”

'Yar Biro ta yi mamakin yadda uwa za ta yi kukan daɗi a kan katifa, amma ta ce kowa da irin gidansu.

Shugaban makaranta ya hau dandamali. Mutum ne da in ya fara karanta abu, ko rufi ne ya faɗo sai ya kai aya. Ya ce zai kira kowane ɗalibi, ya karanta burinsa daga littafin, ya miƙa masa takardar shaida. Na ɗaya likita, aka tafa. Na biyu likita. Na uku ɗan kasuwa, na huɗu likita. Sai ya kira ta. Ta taso tana gyara hula, tana jiran ya yi shiru a wurin da babu komai.

“Nan da shekara ashirin,” in ji shugaba, “za ta zama mai gwada katifa.”

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Zaure ya fashe da dariya. Daga can baya ta ji muryar Baba sarai.

“Wace katifa?”

Nan take ta gane. Mai shagon ya tsallake layin da ta bari fili, ya jawo na shida ya cike gurbin, sauran duk suka biyo shi sama. Ta buɗe baki za ta yi magana, shugaba ya danƙa mata takarda ya kira na gaba.

Sai da aka zunguri Gyangyaɗi ya tashi. “Matuƙin jirgin sama!” in ji shugaba. Mahaifiyarsa ta ɗaga jaka sama da hannu biyu. Wani daga cikin 'yan aji ya ɗaga murya ya ce, “A dai riƙa faɗa mana ranar da yake aiki, mu bi mota!” Gyangyaɗi ya karɓi takarda yana waige-waige, yana neman wanda ake magana a kai.

Dogo ya hau matakala uku na dandamalin yana dafa bango.

“Alƙaliya,” in ji shugaba. Da manyan baƙaƙe aka buga, don haka da ƙarfi ya karanta.

Mahaifin Dogo, direban babbar mota mai gashin baki kamar tsintsiya, ya miƙe a hankali. “Ranka ya daɗe, alƙali me?”

“Alƙaliya. Haka aka rubuta.”

“Kai, zo nan. Yaushe muka yi haka da kai?”

Lauya ta samu likita. Tun kafin ta kai dandamali ta fara ɗaga yatsa tana cewa ba ta yarda ba, kuma tana da hujja uku. Shugaba ya kira na gaba a kan hujja ta biyu.

Daga nan abin ya ɗan lafa, don an shiga yankin likitoci. Kowa ya samu likitan maƙwabcinsa, ba wanda ya san an yi musanya. 'Yar Biro tana zaune gumi na bin bayanta, tana ƙirga sunaye, don ta tuna abin da ke ƙasan takardar. Ta yi addu'a Allah ya sa mai shagon ya lura. Bai lura ba.

Shiru ya hau, ya tsaya kamar sanda. Shugaba ya kalli shafin, ya kalli yaron, ya gyara murya.

“Nan da shekara ashirin, a yi shi da bango mai kauri.”

Ba wanda ya san ko dariya za a yi ko amin za a ce. Sai ga magini ya miƙe yana tafi shi kaɗai, fuskarsa kamar an ba shi kyautar mota.

“Ɗana ne wannan! Kullum abin da nake faɗa masa ke nan. Bulo na inci tara, ba na shida ba!”

'Yar Biro ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta tsinci kanta a gaban lasifika, hularta ta karkace.

“Ranka ya daɗe, laifina ne. Iyayenmu, ku yi haƙuri. Na bar layina babu komai, shi ne na kowa ya matsa sama. Daga kaina zuwa ƙarshe, kowa ya duba na wanda ke gabansa, shi ne nasa.”

Zaure ya cika da ƙarar juya shafi. Mahaifin Dogo ya duba, ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna. Magini ya ga “injiniya”, ya ce wannan ma ba laifi, amma na farkon ya fi ma'ana. Mahaifiyar Gyangyaɗi ta duba, ta ga katifa, ta rufe littafin ta jefa a jaka ta ja zif.

“Ni ban san wannan ba. An riga an buga. Na kira mutum bakwai.”

“Mama, katifar ce tawa,” in ji Gyangyaɗi.

“Rufe min baki, matuƙi.”

Dogo ya sunkuyo kusa da kunnen Gyangyaɗi, amma da yake ba ya iya raɗa, layi uku suka ji. “Riƙe jirgin kawai. Wallahi tun da aka ba ka shi nake jin iska na shigata.”

Shugaba ya juyo ga 'Yar Biro da biro a hannu, don shi ba ya son gurbi a takarda. “To ke, me za mu rubuta a naki?”

Ta hango Baba, ta hango Mama, ta hango kaka tana fifita da littafin.

“Ban sani ba, ranka ya daɗe.”

Lasifikar ta kai maganar har bakin ƙofa. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai wani daga cikin likitocin, wanda ya suma a kan kwaɗo, ya ɗaga hannu.

“Ni ma ban sani ba. Babana ne ya sani.”

Wata likitar ta ce ita ma a cire ta, layin da ta ga ya fi tsawo kawai ta bi. Kafin malamin aji ya tsawatar, likitoci shida sun ajiye aiki. Shugaba ya duba agogo, ya ce a tashi a yi hoto.

A hanyar gida Mama da kaka suka yi gaba, suna gardamar ko mai gwada katifa yana da kujera. Baba ya riƙe mata rigar a kafaɗa yana duba ɗinkin, ya ce wanda ya yi wannan kalmasa bai ji tsoron Allah ba. Da suka wuce shaguna biyu, ta dube shi.

“Baba, ka yi fushi?”

“Da na ji katifa, na yi. Yanzu ya sauka.” Ya gyara rigar a kafaɗarsa. “Kin san me na ce zan zama ranar da muka gama tamu makarantar?”

“Tela?”

“Mai sharhin ƙwallo a rediyo.”

Ta tsaya cak a kan titi. Baba, wanda in yana ɗinki ko sallama da ƙyar yake amsawa.

“Ba ki yarda ba?” Ya waiga hagu da dama, ya naɗe rigar ya kai bakinsa kamar lasifika. A gabansu wani mai kayan miya yana tura baro, wata akuya na binsa a baya.

“Jama'a ga ta nan ta taso! Ta wuce na ɗaya, ta wuce mai keke, mai baro bai gan ta ba! Ta shigo ta hagu, ta ɗaga kai, za ta ɗauka, za ta ɗauka, ta ɗauki kabeji! Kabeji ya tafi, jama'a, mai tsaron gida yana waya!”

Mai baro ya juyo a fusace, ya rasa wa zai bi, akuya ko tela. Mama ta waigo daga nesa ta riƙe haɓa.

“Malam, a titi? Da girmanka?”

Baba ya sauke rigar, ya gyara hula, ya biya mai baro kuɗin kabejinsa. 'Yar Biro kuwa dariya ta hana ta tafiya, sai da ta zauna a kan dakalin wani shago.