Ranar da Digiri Ya Ɓalle Murfi

Kwamfutar ta sake ɗaukewa. Fankokin cikinta suka ja wani dogon nishi suka tsaya, allon ya yi baƙi ƙirin, hoton ginin da ta kusa gama fitarwa ya tafi kamar ba a taɓa fara shi ba.

Injiniya ta zuba tagumi tana kallon fuskarta a baƙin gilashin. Mijinta na tsaye a bayan kujerarta da kofin shayin da ya manta yana riƙe da shi. A layin masu gyaran kwamfuta ba wanda ke kiransa da wani suna sai Digiri, don ba ya iya gama gaisawa da mutum bai tambaye shi zafin injinsa digiri nawa yake kaiwa ba.

"Ɗari ta taɓa," ya ce. "Da idona na gani kafin ta ɗauke."

"Ni ba lamba na tambaye ka ba, maigida. Gobe da safe zan tsaya gaban masu ginin nan, kuma rabin hotunan ba su fita ba."

Ya san da haka, ai kullum a kunnensa ake yi. Shekarunta a ofishin zanen gine-gine tana zana wa wasu suna sa hannu, sai bana aka damƙa mata aiki sukutum da sunanta a kai. Shi ya haɗa mata kwamfutar da hannunsa saboda wannan aikin, ya kuma cika baki a gaban duk wanda ya zo gidan cewa ko a ofishinsu babu kamarta. Tun ranar da aka kunna ta take zafi kamar dutsen guga. Ya ƙara mata fankoki, ya mayar da gudunta yadda kamfani ya yanka mata bayan ya so ya ƙara, ya janye teburin daga jikin taga. Duk a banza.

"Na faɗa miki maganin abin nan," ya ce a hankali. "Murfin ne."

Ta juyo da kujerar gaba ɗaya.

Maganar murfi ta daɗe tana yawo a gidan. Furosesa, ɗan abin nan mai faɗin akwatin ashana wanda shi ne ƙwaƙwalwar inji, kamfani kan rufe shi da murfin ƙarfe a manne da gam. Tsakanin murfin da ainihin ƙwayar akwai wani mai da ke miƙa zafi waje, to a faɗin Digiri man banza suke zubawa. In aka ɓalle murfin aka goge man, aka shafa ruwan ƙarfe a madadinsa, zafi zai sauka da digiri ashirin, har a samu filin ƙara wa inji gudu. In kuwa hannu ya goce, furosesa ya tafi ke nan. Digiri ya gwada aikin a kan matattun furosesa da yawa a shago, kuma gaskiya ba wanda ya ƙara mutuwa a hannunsa.

"Malam Digiri," ta ce, sunan da ba ta kiransa da shi sai ranta ya fara ɓaci. "Zan je wurin gini in dawo da yamma. Ka buɗe ta ka hure ƙura, ka kafa mata babbar fanka. In na dawo zan riƙa fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa ina hutawa, a haka za mu gama. Don Allah kada ka sa mata reza."

"Wa ya yi maganar reza?"

"Idonka ne ya yi."

Ta ɗauki jakarta da hular kwanonta ta fita.

Ya buɗe gefen kwamfutar ya hura. Babu ƙurar kirki, ai shekaranjiya ma ya hure ta. Ya kafa fankar, ya zauna, ya tashi. Ya wanke kofinsa, ya dawo ya tsaya a kanta yana leƙen cikinta da hannaye a baya, kamar wanda aka ce kada ya taɓa jaririn mutane. Da ya ga zaman gidan zai haukata shi sai ya kulle ƙofa ya nufi shago.

A cikin bas ma bai samu sukuni ba. Abin da ke cin ransa shi ne hoton matarsa zaune tana jiran inji ya huce, injin da ya ce babu kamarsa, tana lallaɓa shi kamar tsohuwar mota a kan tudu. Wannan ba gyara ba ne, abin kunya ne, kuma kunyar tasa ce.

Ya tarar da yayansa, wanda suke shagon tare, ya duƙufa a kan wata karyayyar laftof. Digiri ya gaishe shi sama-sama ya wuce ya ja durowar ƙasa. Sirinjin ruwan ƙarfen na nan inda ya ɓoye shi, ɗan siriri, abin da ke ciki yana sheƙi.

"Na wa za a yanka?" Yaya ya tambaya bai ɗago ba.

"Ba na kowa ba."

"To na Injiniya ne ke nan. Ta yarda?"

Digiri ya yi kamar yana neman wani abu a kan kantar shagon.

"Ka taɓa sauke kular ka duba zamanta?" Yaya ya ce. Kula ita ce tulin ƙarfen nan mai fanka da ake ɗaurawa a kan furosesa don ya zuƙe zafi.

"Haba Yaya. Ni fa na ɗaura ta da hannuna."

"To ai shi ke nan, tunda hannunka ne," in ji Yaya, ya ci gaba da aikinsa.

Bai ko zauna ba ya juyo gida. A hanya ya tsaya ya sayi sabuwar reza, mai shagon na ƙoƙarin ba shi canji shi kuwa ya riga ya tsallaka titi.

Ya shimfiɗa farin tawul a kan teburin cin abinci, ya jera kayan aiki: reza, auduga, kwalbar sifirit na goge mai, sirinji, da man farce marar launi da ya ɗauko a gaban madubinta, don shi ake shafawa a kan ƙananan wayoyin da ke gefen ƙwayar kada ruwan ƙarfe ya taɓa su. Ya kwance kular ya kife ta can gefe a kan jarida, ko kallonta bai yi ba. Hankalinsa duk yana kan furosesan. Ya ɗago shi da yatsa biyu ya ajiye a tsakiyar tawul.

Ya kafa bakin rezar a kusurwar farko, tsakanin ƙarfen da koren farantin da ke ƙasa, ya tura kaɗan-kaɗan. Gam ɗin ya saki. Kusurwa ta biyu ma haka, har ya ji daɗi ya fara tsara yadda zai ba da labarin a layi. A ta uku gam ɗin ya yi tauri. Matattun da ya saba yanka tsofaffi ne, gam ɗinsu ya bushe yana ɓarewa da kansa, wannan kuwa sabo ne yana riƙe reza kamar ƙaro. Ya ƙara ƙarfi. Rezar ta ƙi, ta ƙi, sannan ta wuce gaba ɗaya.

Murfin ya faɗo a kan tawul. Ga ƙwayar nan tana walƙiya, lafiyarta ƙalau. Amma a kan koren farantin, kusa da gefe, akwai wani siririn karce da bai fi gashin gira ba, jan ƙarfe yana leƙowa ta ciki.

Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba, ya kai shi bakin taga ya sake dubawa. Ya ce wa kansa fenti ne kawai ya ɗaye. Ya shafa wa wurin man farce, ya hura, ya shafa ruwan ƙarfen a kan ƙwayar har ta zama kamar madubi, ya mayar da murfin ya ɗaure furosesan a mazauninsa. Aikin ya yi kyau, ko shi ya san ya yi kyau.

Saura ya goge tsohon man da ke gindin kular. Ya juyo ta ya diga sifirit a auduga ya murza. Man ya tafi, sai ga jan rubutu ya bayyana a ƙarƙashinsa. Ya sake murzawa. Rubutun kamfani ne da manyan baƙaƙe, yana cewa a cire kafin a ɗaura. Ya sa farce a gefe ya ja, wata siririyar leda ta ɗago a hankali, tagullar da ke ƙasa sabuwa fil, ba ta taɓa haɗuwa da furosesa ba tun da aka ƙera ta.

Ya daɗe a zaune da ledar a hannu. Duk fankokin da ya saya, duk jan teburi, duk zagin kamfani da ya yi a gaban mutane, ashe wannan ce ta tare zafin. Da safen nan, da ya kwance sukurori huɗu ya juya kular, da yanzu matarsa ta dawo ta tarar da inji mai sanyi. Kunya ta rufe shi shi kaɗai a ɗakin. Ya ajiye ledar a ƙarƙashin gefen tawul, ya ɗaura kular, ya jona waya, ya yi bisimilla ya danna maɓalli.

Fankoki suka juya. Allon bai kawo komai ba. Wata 'yar jar fitila ta kama a cikin injin ta tsaya cak.

Ya kashe ya kunna. Ya zare ƙwaƙwalwar ajiya ya goge ya mayar, ya canja wayar allo, ya cire ɗan batirin ciki ya jira ya mayar. Ya sake kwance komai ya sake ɗaurawa, zufa na ɗiga daga haɓarsa a kan tawul. Jar fitilar na nan. Ya zagaya teburin, ya fita baranda, ya dawo, ya kira Yaya a waya ya faɗa masa abin da ya faru.

"Furosesa irin nata?" Yaya ya ce. "Babu shi a layin nan kaf, kai ma ka sani. Sai an yi oda, kuma ba abin yau ko gobe ba ne."

Yana tsaye da wayar a hannu ya ji makulli a ƙofa.

Injiniya ta shigo da ƙurar siminti a takalmanta. Ta dubi kwamfutar a buɗe, ta dubi rezar, ta dubi kwalbar man farcenta. Ta ajiye jakar a ƙasa a hankali. Ta zo ta danna maɓallin da kanta, suka tsaya su biyu suna kallon baƙin allo.

"Ta mutu?"

"Furosesan ne. Aikinki yana nan a faifan ajiya, ba abin da ya taɓa shi."

"Na roƙe ka."

"Kin roƙe ni."

Ta ja kujera za ta zauna, hannunta ya ja gefen tawul, ledar ta zamo ta faɗi a kan cinyarta. Ta ɗaga ta wajen haske ta karanta jan rubutun. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga ba ta buƙata.

"Na san wannan," ta ce. "Ranar da kake haɗa ta, abokanka sun cika ɗakin nan. Na kawo muku ruwa na ga kular nan a kwance a kan kwali, na ce maka ledar nan ba a cirewa ne? Ka ce in bar maka aikinka."

Ya tuna. Ya tuna har dariyar da aka yi. Ya ɗauka ledar gilashin gefen kwamfutar take nufi, bai ko waiwaya ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ciro wayarta ta kira wata abokiyar aikinta, ta tambaya ko za ta iya zuwa ta yi amfani da kwamfutarta, ko da a hankali take. Ta yi godiya ta kashe.

"Faifan nake so," ta ce.

Ya yi sauri ya ɗauki sukudireba ya duƙa a kan injin. "Yanzu zan ciro miki, ba wani abu ba ne."

Ta miƙo hannu, tafin a buɗe. Ya dube ta, ya dubi hannun, sannan ya ɗora mata sukudirebar.

"Matsa," ta ce. "Nuna min da baki."

Ya ja da baya ya harɗe hannayensa a baya. "Wancan baƙin, na ƙasa. Sukuru ɗaya ne ke riƙe da shi."

Ta naɗe hannun rigarta ta fara kwancewa.