Rigar Hannu Ɗaya

A farkon bazara aka sallamo Inna Kyauta daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafar tana ɗan takawa idan an riƙe ta, hannun kuwa yana rataye ne kawai. 'Yarta Mashkura, wadda ke aure a Wurno, ta bar yaranta wajen uwar mijinta ta dawo Rimawa jinya.

Wanka da abinci ba su ba Mashkura wahala ba. Sa riga ne aikin. Rigunan Inna duka na atamfa ne mai kauri, sai an zura kai sannan a ɗaga hannu. Kowace safiya Mashkura takan tallabi hannun nan ta lanƙwasa shi ta cusa, Inna ta runtse ido har a gama. Kafin azahar rigar ta jiƙe da zufa, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da hammata. A kwana na goma Inna ta ce a bar ta da ɗaurin ƙirji. Daga nan ta daina fitowa, maza masu zuwa dubiya sai dai su gaishe ta ta bayan labule.

Ranar kasuwar Goronyo, Mashkura ta bi yayanta Yusha'u a babur. Ta sayi yadin auduga mara nauyi, shuɗi mai ƙananan furanni, ta kai wa wani tela mai suna Sale. Ta yi masa bayani: riga ce mai buɗewa ta gaba, ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya.

"To, riga ta ko zane?" in ji Sale.

"Duka biyu."

Ya jujjuya yadin, ya ce ɗinkin biki ya yi masa yawa, ta dawo bayan mako uku. Ta naɗe kayanta ta fito.

Akwai tsohon keken ɗinki na hannu a ƙarƙashin gadon Inna, wanda ta daɗe tana ɗinka rigunan matashin kai da shi. Mashkura ta jawo shi tsakar gida, ta goge ƙura, ta ɗiga masa mai. Abin da ta iya tun tana yarinya bai wuce miƙaƙƙen ɗinki da kalmasa ba. Ta ɗauko wata tsohuwar rigar Inna ta tsaga ta gida biyu ta gaba, ta shimfiɗa a kan sabon yadin, ta zana da gawayi, ta ƙara faɗi a kowane ɓari. Hannun riga ya ba ta wuya, sau biyu tana warwarewa. Kwana uku ta yi a inuwar dogon yaro tana juya keken, sannan ta ɗinka igiyoyi biyu a gefe.

Rigar ta shiga cikin sauƙi. Aka fara zura hannun da ya shanye, aka zagayo da sauran ta baya, ba a ɗaga komai ba. Mashkura ta ɗaure igiyoyin ta ja da baya tana kallo.

Inna ta duba ƙullin, ta taɓa shi da hannun hagu.

"Wa za shi ɗamre min in kin koma Wurno?"

Mashkura ba ta taɓa tayar da maganar komawa ba, amma ba ta musa ba. Ta ce za ta mayar da igiyoyin inda hannun hagu zai kai. Ta mayar. Inna ta gwada kama ɗaya da haƙori ta ja ɗayar, ƙullin ya ƙi zama. Ta gwada sau huɗu, ta tofar da igiyar.

"Mi kika so da igiya? Cire su. Shekara nawa ina soke zane, ban taɓa ɗamre shi da komi ba. Ƙara hwaɗi nan, ki bar min bakin da zan soke."

Mashkura ta yanke igiyoyin. Ta ƙara tsawon ɓarin da ke hawa sama, ta ninka yadi a ƙugu ya yi ƙarfi don ya riƙe. Washegari ta ajiye rigar a bakin gado ta tsaya daga ƙofa, kamar yadda Inna ta umarce ta.

Abin ya ɗauki lokaci. Inna ta zura hannun dama, ta laluba bayanta ta jawo rigar. Ɓarin ciki ya yi ta zamewa. Sai ta ɗauki mataccen hannun da mai lafiyar, ta ɗora shi a kan cikinta ya danne yadin, ta jawo ɓarin waje ta soke a ƙugu. Ta ɗan zauna tana mayar da numfashi. Sannan ta ce a kai mata tabarma rumfar da Yusha'u ke zuba albasa.

A nan ta wuni, tana ware ruɓaɓɓu da hannun hagu tana jefawa a kwando.

Mashkura ta ɗinka wasu biyu, ragowar yadin ta haɗa wa kanta ɗaya. Bayan ruwan farko ta koma gidanta. Hannun Inna bai dawo ba, ƙafar dai ta ƙara ƙarfi har tana zuwa maƙwabta da sanda.

Wata rana Adama, matar maƙwabcinsu mai shayarwa, ta zo neman aron rigar don ta kai wa tela ya kwaikwaya. Inna ta ce ba ta ba da aron tufafinta. Ta miƙe tsaye ta dogara da sanda, ta ce Adama ta kawo zare ta auna a jikinta.