Sunan Edgar a Kan Dutse

Shekara arba'in ina sassaƙa dutse a ƙauyenmu na Alsace, kan iyakar Faransa da Jamus, ban taɓa karɓar aikin da ya jawo mini surutu kamar dutsen tunawa da waɗanda yaƙi ya ci ba. Shekara bakwai bayan tafiyar Jamusawan da suka mamaye mu, magajin gari ya tara mu a makaranta, matarsa ta dafa mana kofi.

Jami'in da aka turo daga Paris, wani Garnaud, mutum ne mai ladabi, sai dai bai san mu ba ko kaɗan. Ya shimfiɗa zane a tebur: soja da hular kwano, a sama an rubuta "Sun mutu don Faransa".

Na ce, "Yallaɓai, wace hular zan ɗora masa? Ubana sau huɗu ana canja masa ƙasa tsakanin Faransa da Jamus, ko daga kujerarsa bai motsa ba."

Aka kwashe da dariya, ban da shi. Ya ce a hankali, wanda ya mutu cikin kakin Jamus ba zai hau wannan dutse ba. Goma sha ɗaya ke nan cikin yaranmu goma sha huɗu da suka mutu, waɗanda Jamusawa suka kwasa dole suka kai su yaƙi a Rasha. Raina ya ɓaci matuƙa, amma ni guduma na iya, ba musu ba.

Inna Salomé Hügel tana can baya da saƙarta. 'Ya'yanta biyu ne. Lucien ya mutu cikin kakin Faransa a farkon yaƙi, ƙanensa Edgar cikin na Jamus.

Ta ce wa Garnaud, "Ɗana, Lucien zai hau, ko?"

"Ƙwarai kuwa, Inna."

"Edgar fa?"

"Inna, ki yi haƙuri. Akwai waɗanda suka gudu Switzerland ai. Shi me ya hana shi?"

Ta ajiye saƙar a cinyarta.

"Ya so gudu. Har burodi da tsiran alade na ƙulle masa. Sai muka ga an kwashe iyayen wani yaro da ya gudu, an tura su sansani a Jamus. Edgar ya kwance ƙullin, muka ci burodin tare, da safe ya kai kansa wurin sojan Jamus. Ko kalmar hanawa ban faɗa ba, tsoro nake ji."

Garnaud ya sunkuyar da kai, ya fara naɗe zanensa.

Ta ce, "In kana neman wadda ya mutu dominta, ga ni zaune." Sai ta juyo gare ni. "Kai kuma Aloyse, ka rubuta shi kusa da wansa."