Jirgin Elhaji Zakariya

Elhaji Zakariya ya sake ƙwanƙwasa haƙarƙarin jirgin da sandarsa, ya kasa kunne kamar mai sayen kankana. Kalla masunci, wanda ke zuwa daga Madarunfa kowace kaka don kamun kifi a wannan tafki na bayan Dakoro, ya zuba masa ido. Jirage biyu yake son sayarwa: siriri mai sabon fenti, da wani tsoho mai faɗi, baƙi ƙirin, duk faci.

Shekara arba'in Elhaji na auna gero a kasuwa, sai gwiwoyi suka ce sun gaji. 'Ya'ya suka karɓe shago, suka shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya, ya tsani tabarmar nan kamar me. A kanta ne ya ga wani tsohon Bature a salula yana kama kifi ba tana ba gari, sai gashin tsuntsu ɗaure a ƙugiya. Abin ya hana shi sukuni. Wai kifin Turai ne wawa, ko namu ma haka yake? Ya fige zabuwar gida, ya ɗaure gashin da jan zare, ya samo doguwar gora. Ranar farko da ya gwada daga gaɓa, taɓo ya kayar da shi. Ramla, 'yarsa mai aikin jinya a Maradi, ta zo ta yanke hukunci: in ya sake faɗuwa, sai ya tattara ya koma wajenta. Shi kuwa gara masa kabari da ɗakin baƙi a gidan suruki.

Don haka yau ya sulale bayan azahar, ya taho da amininsa Jimrau, tsohon dillalin shanu. Kalla ya ba da shawara a ɗauki mai faɗin, don ba ya tangaɗi. Elhaji ya ce shi bai zo sayen kwamin ban ruwan dabbobi ba, siririn yake so, wanda mutum zai tuƙa shi kaɗai ba mai ce masa yi a hankali.

Jimrau ya zagaya jirgin, ya leƙa ƙasansa, ya shafa bayansa, saura kaɗan ya nemi haƙora.

"Elhaji, mu dai ba mu sayen dabba kwance," ya ce. "Sai an tashe ta mun ga tahiyarta."

Maganar ta shiga. Aka tura jirgin ruwa, Kalla ya riƙe bakin jirgin, Elhaji ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu, ya zube a kan ɗan katakon da ke can ƙasa. Ya dogara sanda ya matsa kaɗan daga gaɓa. Daɗi ya kama shi har ya ji kunyar kansa. Ya wurga zaren, gashin zabuwar ya sauka a hankali yana yawo a kan ruwa. Wani abu ya taso daga ƙasa, ya zagaya shi, ya koma. Elhaji ya janyo zaren, ya sake wurgawa.

Da la'asar ta yi, ya dawo gaɓa ya yunƙura zai tashi. Gwiwa ta ƙi. Ya dafa gefe, jirgin ya karkata har ruwa ya leƙo. Ya koma ya zauna. An tashi jirgi an ga tafiyarsa, mai jirgi ne ya kasa tashi.

Daidai nan kabu-kabu ya tsaya a bakin hanya, Ramla ta sauko. Ashe mutanen gida sun tona.

Elhaji ya yi maza ya sake wurga zare, ya haɗe rai irin na mai muhimmin aiki. Jimrau ya gane, ya shiga ba Ramla labarin tsadar raguna. Ba ta saurare shi ba. Ta zo ta tsuguna a gaɓa, takalmanta cikin laka, tana kallon gashin. Faɗan da ta taho da shi bai fito ba. Ta tambaya ko da gaske kifi na cin wannan abu, ya ce shi ma abin da yake son sani ke nan. Ta tambayi dalilin jan zare, ya yi mata bayani dalla-dalla. Rabon da ta ji muryarsa haka tun yana shago.

Rana ta yi sanyi, lokacin salla na wucewa, ƙafafunsa sun mutu. Ya duba Jimrau, ya duba Kalla, ya san ko wane ya kira, za ta gani. Tsoro ya kama shi sosai, amma dabara ta ƙare.

"Ramla, ɗiyata, miƙo mini hannu. Na kasa tashi."

Ta shiga ruwan har ƙauri, ta sa kafaɗa a hammatarsa yadda take yi wa majinyata, ta ɗago shi. Ya tsaya a kan tudu yana jiran ta ambaci Maradi.

Ta matse bakin zaninta, ta daɗe tana kallon tsohon jirgin nan mai faci. Sannan ta juya wajen Kalla.

"Malam, wancan mai hwaɗin, in an ɗaure kujera ciki, tana zama?"